Haɗa shayi a gida: a fara da gram 100

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba mu dama mu ɗan yi wa 'yan'uwa mazauna Makka da Jidda bayani, domin da yawa suna shiga shagon attar, wato mai sayar da kayan ƙamshi, su sayo jaka guda, su juye a ganyen shayi, ƙarshe shayin ya ƙi shawuwa.

Mai farawa kada ya wuce gram 100 na baƙin ganye, ko na Silon (Sri Lanka) mai dogon ganye ko na Kenya mai ƙananan ƙwayoyi. A kan wannan a sa busasshiyar citta gram 10, kirfa gram 8, hel (cardamom) gram 5, kanumfari gram 2 kawai. Kanumfarin nan shi ke ɓata wa mutane aiki: man da ke cikinsa yana da ƙarfi, da ya yi yawa sai ya danne sauran, harshe ya mutu kamar an sa maganin haƙori.

Kada a niƙa su su zama gari. A barza su a turmi, kowanne daban, a tankaɗe a ajiye garin don girki. Dalili kuwa, gari yana zubewa ƙasan kwalba, sai kofunan farko su zo salam, na ƙarshe yaji ya hana sha. Hel kuma a fasa shi da ɓawonsa, don niƙaƙƙe ba ya daɗewa ƙamshinsa ya tafi.

Wajen dafawa akwai saɓani tsakanin ganye da kayan ƙamshi. Citta da kirfa sai sun tafasa kamar minti 5 suke sakin kansu, ganye kuwa da ya wuce minti 4 ko 5 a ruwan zafi sai bauri. Shi ya sa mu dai mun fi son kwalba biyu, ɗaya ta ganye ɗaya ta kayan ƙamshi: a tafasa rabin ƙaramin cokali na kayan ƙamshi a ruwa kofi ɗaya, a sauke, a zuba ganye cokali ɗaya, a rufe minti 3, a tace. Wanda ya haɗe su wuri ɗaya, to ya girgiza kwalbar kafin ya ɗiba.

Na'ana'ar Madina ɗanya a kofi ake jefa ta. In za ta shiga kwalba, sai ta bushe a inuwa har tana ƙaras a hannu, musamman a Jidda inda danshin teku ke sa haɗi ya yi fumfuna. Zoɓo kuwa kada ya haɗu da madara, tsaminsa tsinka ta yake yi.

Sai ajiya. Ganyen shayi yana zuƙar wari, ga gidajenmu ba sa rabo da turaren wuta. A nemi kwalba mai murfi gam, a sa ta a kabad nesa da turare, gahawa da murhu, kuma cokali mai jiƙa kada ya shiga ciki.

Naka,
Masu sana'ar shayi, Jidda