Jingina Ba Ita Ce Ke Biyan Bashi Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya daɗe yana damuna, wato matsayin jingina a harkar banki da ba da rance. Abin da na lura da shi shi ne, masu ba da bashi da yawa sun ɗauki jingina tamkar ita ce bashin kansa, har ta kai ga tambayar farko da ake yi wa mai neman rance ita ce me zai ajiye, alhali tambayar da ta fi cancanta ita ce da me zai biya. Ina ganin wannan juyin da aka yi wa tambayoyin biyu yana cutar da ƙaramin ɗan kasuwa, kuma shi ne ya sha jefa manyan bankunan duniya cikin halaka.

Ba ina sukar jingina ba ne. Tsohuwar hanya ce ta tabbatar da amana tsakanin mutane, kuma Alƙur'ani mai girma ya ambace ta a aya ta 283 ta Suratul Baƙara, inda aka ce idan ana kan tafiya ba a sami marubuci ba, to a karɓi jingina a hannu. Ya kuma tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi sayayya bashi a wurin wani Bayahude, ya jinginar masa da sulkensa. Saboda haka babu abin kunya ga wanda ya ba da jingina, babu kuma zalunci ga wanda ya nema. Amma yana da kyau a lura cewa ayar da ta gabace ta, wadda ita ce mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta yi magana ne a kan rubuta bashi, da ƙayyade lokacinsa, da kafa shaidu. Jingina ta zo ne daga baya, a matsayin madogara idan wancan tsari bai samu ba.

Amfaninta a fili yake. Idan mutum yana da gida da aka ƙiyasta darajarsa a kan 100, banki ya ba shi rancen 70, to ragowar 30 ɗin ita ce garkuwar bankin, domin ko farashin gidan ya sauka da kashi 20 cikin 100, kuɗin da za a samu idan an sayar zai rufe bashin. Shi kuma mai gidan, da yake ya san abin da zai rasa ya fi abin da ya karɓa, zai yi iya ƙoƙarinsa ya biya a kan kari. Wannan ne ya sa rancen da ke da jingina yakan zo da kuɗin ruwa mai sauƙi da kuma wa'adi mai tsawo fiye da wanda ba shi da ita. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai gidan ba ya haifar da kuɗin da za a biya kowane wata. Albashin mutumin ko ribar sana'arsa ce ke biya, kuma duk ranar da banki ya kai ga yin gwanjon gidan, to rancen ya riga ya lalace, abin da ya rage kawai shi ne rage asara, bayan shari'a da ɗawainiyar lauyoyi da watanni ko shekarun jira.

Na taɓa raka wani abokina mai ƙaramin kamfanin buga takardu zuwa wani banki, domin ni ne nake taimaka masa da lissafi. Mun tafi da littafin shiga da fitar kuɗi na shekara uku, da takardun kwangilar da ya riga ya samu, da rasit na injuna biyu da ya saya da guminsa. Yana neman abin da zai sayi takarda da tawada ne kawai, ya cika aikin da ke hannunsa. Jami'in da ya karɓe mu ya yi mana fara'a, ya ɗora tafin hannunsa a kan littafin ba tare da ya buɗe ko shafi ɗaya ba, sannan ya tambaya ko akwai takardar fili ko ta gida. Da abokina ya ce haya yake yi, sai jami'in ya turo mana littafin a hankali, ya ce a yi haƙuri. Ban ga laifin mutumin ba, domin ƙa'idar da aka ba shi ke nan, amma na fito ina tunanin cewa da wani ne ya shigo da takardar filin da ya gada, ba shi da sana'a ba shi da lissafi, da wataƙila shi an saurare shi. Tsarin da ke aiki haka yana ba da bashi ne ga wanda ya riga ya mallaka, ya bar wanda ke da ƙwazon samarwa a bakin ƙofa.

Wani zai ce ai taka-tsantsan ne, kuma kuɗin da banki ke bayarwa na masu ajiya ne, ba nasa ba. Na yarda da wannan, shi ya sa ma nake son a duba abin da dogaro da jingina kaɗai ya jawo wa masu ajiyar a ƙasashen da suka fi kowa ƙwarewa a harkar. A Amurka, a shekarun da suka gabaci 2007, an riƙa ba mutane rancen sayen gida ba tare da an tantance abin da suke samu ba, saboda an sakankance cewa farashin gida ba ya faɗuwa, idan mutum ya gaza biya sai a sayar a ci riba. Farashin ya kai ƙololuwa a 2006, daga nan ya juya, kuma kafin ya tsaya ya zube da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a faɗin ƙasar. Miliyoyin mutane suka wayi gari bashin da ke kansu ya fi darajar gidan da suke ciki. Bankuna suka yi ta ƙwace gidaje suna kai su kasuwa a lokaci guda, yawan gidajen ya ƙara karya farashi, karyewar farashin ta ƙara jefa wasu cikin halin da na farko suka shiga. Japan ta riga ta ɗanɗana irin wannan tun farkon shekarun 1990, lokacin da farashin filaye, waɗanda su ne ginshiƙin rancen bankunanta, ya fara sauka ya kuma ci gaba da sauka fiye da shekara goma.

A nan ne babban aibin jingina yake, kuma shi ne abin da na fi son masu karatu su riƙe. Darajarta takan faɗi ne daidai lokacin da ake buƙatarta. Ranar da tattalin arziki ke tafiya daidai, kowa na biya, babu mai waiwayar jingina. Ranar da al'amura suka dagule, mutane da yawa suka gaza biya tare, ranar ce kowa ke son sayarwa, masu saye kuma sun ɓuya.

A manyan kasuwannin hada-hadar kuɗi abin ya fi haka sauri, domin can ba a jiran wata ya ƙare. Akwai kasuwar da masu harkar ke kira repo, inda banki ko kamfanin zuba jari ke miƙa takardun lamuni ya karɓi tsabar kuɗi, bisa alkawarin zai sake sayen takardunsa, sau da yawa washegari, da ɗan ƙari a kai. Mai ba da kuɗin ba ya biyan cikakkiyar darajar takardun, yakan rage wani abu domin kare kansa. A ce takardun sun kai 100, aka rage 2, kamfanin ya karɓi 98, ma'ana da jarinsa na 2 kacal yake riƙe da dukiyar 100. Idan tsoro ya shiga kasuwa, mai kuɗin ya ce daga yau 10 zai rage, to dole kamfanin ya nemo 8 kafin gari ya waye, wato ninki huɗu na jarin da ya sa tun farko. Ba shi da mafita sai ya sayar da wasu takardun da gaggawa, sayarwar ta sauke farashi, saukar farashin ta sa a sake kiransa, shi da sauran masu riƙe da irin takardun, a ce su kawo ciko. Wannan na cikin abin da ya durƙusar da bankin zuba jari na Amurka mai suna Bear Stearns a watan Maris na 2008, har aka sayar da shi ga bankin JPMorgan Chase, sannan wani bankin zuba jarin, Lehman Brothers, ya rushe a ranar 15 ga Satumba na shekarar. Kwana ɗaya bayan haka Babban Bankin Amurka ya buɗe wa kamfanin inshora na AIG rancen dala biliyan 85, saboda abokan hulɗarsa sun taso shi da neman ƙarin jingina da ba shi da tsabar kuɗin bayarwa.

Kada a ɗauka cewa wannan matsala ce ta ruɓaɓɓun takardu kawai. A watan Satumba na 2022, bayan gwamnatin Birtaniya ta sanar da shirin rage haraji da ya firgita kasuwa, farashin takardun lamunin gwamnatin ƙasar ya faɗi warwas, waɗanda kuwa ana lissafa su cikin mafi amincin jingina a duniya. Asusun fansho da dama da suka ƙulla yarjejeniyoyi a kan waɗannan takardu suka fuskanci kiran ciko, suka shiga sayar da takardun domin su sami kuɗi, farashin ya ƙara faɗuwa, sai da Babban Bankin Ingila ya shigo ranar 28 ga watan ya fara saye da kansa kafin ƙura ta lafa. Kuɗin tsofaffin ma'aikata ne ya kusa salwanta, ba don gwamnati ta gaza biyan bashinta ba, sai don kowa ya jingina da abu ɗaya kuma kowa ya nemi ƙofar fita a lokaci ɗaya.

Akwai kuma jinginar da babu ita sam sai a takarda. A 1963 aka gano cewa wani kamfanin man girki a jihar New Jersey ta Amurka, ƙarƙashin Anthony De Angelis, ya karɓi rance mai yawa da sunan man da ke cikin manyan tankunansa, alhali yawancin abin da ke ciki ruwa ne, man yana yawo a sama kawai, ta yadda mai dubawa idan ya zura ma'auni daga bisa zai ga mai. Wani reshe na kamfanin hada-hadar kuɗi na American Express ne ya riƙa ba da takardun shaidar ajiyar kayan, kuma da takardun aka yi ta karɓar kuɗi. Shekara hamsin da ɗaya bayan haka, a 2014, aka bankaɗo a tashar jiragen ruwa ta Qingdao da ke ƙasar Sin cewa an jinginar da tarin ƙarafa iri ɗaya ga bankuna daban-daban, kowanne yana zaton nasa ne shi kaɗai. A duka biyun, takardar jingina ce ta sa masu ba da bashi suka saki jiki, suka daina tambayar da wane ciniki ne mai karɓar kuɗin zai biya.

To mece ce mafita? Ba na cewa a daina karɓar jingina, kuma ba na cikin masu ganin cewa kowane rance za a iya bayarwa a kan yarda kawai. Bankin Grameen na Bangladesh, wanda aka kafa a 1983, ya nuna cewa ana iya ba talakawa, galibinsu mata, ƙananan rance ba tare da kadara ba, ta hanyar haɗa su ƙungiya-ƙungiya da bibiyar su a kai a kai, har bankin da wanda ya kafa shi, Muhammad Yunus, suka sami lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 2006. Amma wannan tsari na ƙananan kuɗi ne, ba zai sayi injin masana'anta ba. Abin da ya fi dacewa da mutum irin abokina shi ne a faɗaɗa abin da ake karɓa a matsayin jingina, ya haɗa da injuna, da kayan da ke rumbun ajiya, da amfanin gona, da dabbobi, da kuɗin da ake bin abokan ciniki, tare da rajista guda ɗaya da kowane mai ba da bashi zai iya dubawa ya ga ko an riga an jinginar da kayan a wani wuri. Sannan a ba tarihin biyan bashi muhimmanci, domin mutumin da ya karɓa sau biyar ya biya sau biyar a kan lokaci ya ajiye shaidar da ta cancanci a saka ta a ma'auni. Wannan duka yana buƙatar ma'aikatan banki da za su zauna su karanta lissafin ɗan kasuwa, su je su ga inda yake aiki, kuma na san hakan ya fi karɓar takardar fili wahala da tsada, amma aikin banki ke nan tun asali.

Ga masu sa ido a kan bankuna, ina ganin bai wadatar su tambayi ko rance yana da jingina ba. Ya kamata su tambayi wa ya ƙiyasta darajarta, yaushe aka yi ƙiyasin, ko mai ƙiyasin yana da wata alaƙa da mai karɓar rancen, da kuma nawa za ta yi idan aka tilasta sayar da ita cikin mako guda a lokacin da kasuwa ta mutu.

Su kuma 'yan'uwana masu neman rance, ina ba su shawara kada su sa hannu a kan takarda sai sun fahimci sharuɗɗanta, ko da za su nemi wanda ya san doka ya karanta musu. Su tambaya bayan jinkirin kwana nawa ne banki ke da ikon taɓa kadarar, ko zai sanar da su kafin ya sayar, wa zai tsayar da farashi, kuma idan kuɗin da aka samu ya haura bashin, yaushe za a mayar musu da ragowar, idan kuma bai kai ba, ko za a ci gaba da bin su cikon. Su duba ko jinginar ta tsaya a kan wannan rance kaɗai, ko an rubuta cewa ta rufe duk wani bashi da za su ci a bankin nan gaba, domin irin wannan sharaɗi yakan hana mutum karɓar takardarsa ko bayan ya gama biyan rancen farko. Wanda kuma aka roƙa ya ba da takardar gidansa domin wani ya karɓi rance, ko ya tsaya masa, ya sani cewa ranar da wancan ya gaza, ƙofarsa za a ƙwanƙwasa, kuma gidan da iyalinsa ke kwana a ciki ne za a kai gwanjo.

Na gode da ba ni wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam,
Naku mai karatu a kullum.