Wasiƙa zuwa Jos kan farantin bayan keke mai inji

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da maiɗakinka da yara, da su Baba. Yaya sanyin Jos? Mu nan Kano sai godiya. Saƙonka ya iso, na kuma ga hoton. Wallahi ka burge ni, wai tsohon Raleigh ɗin nan ne yau da tanki da salansa! Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa dabara yake nema, ba mai ganin laifinka.

To, ka ce mai kayan ya matsa maka ka cire farantin baya da sarƙar injin ke ja, wanda ya zo a kwali, mai haƙora 44, ka ɗaura mai 36, wai keken zai riƙa tashi sama. Kada ka ba shi kuɗinka tukuna. Bai yi maka ƙarya ba, amma rabin magana ya faɗa maka, ya haɗiye rabi.

Injin nan na China ba shi da canjin giya. Ba irin babur ba ne da za ka tashi a lamba ɗaya, in hanya ta miƙe ka kai huɗu. Giyarsa ɗaya tak, kuma farantin baya ne ke yanke ta. Wanda ka ɗaura, da shi za ka tashi daga tsaye, da shi za ka hau tudu, da shi za ka bi kwalta. Ƙaramin faranti gudu yake bayarwa ya karɓe ƙarfi, babba kuma ya ba ka ƙarfi ya karɓe gudu. Doki da jaki ke nan, kai kuma ɗaya kaɗai za ka iya ɗaurewa a turke.

Bari in yi maka lissafin, na san ka da ƙin lissafi tun muna aji, amma ka daure. A cikin injin akwai ƙaramar giya mai haƙora 20 da ke juya babba mai 82, wato sau 4.1. Sannan ɗan farantin da ke jan sarƙa haƙoransa 10. In na baya 44 ne, sai inji ya juya kusan sau 18 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. In 36 ne, bai kai sau 15 ba. In 50 ne, sau 20 da rabi. Ka ɗauka injin na juyi 6,000 a minti, taya kuma mai inci 26 ce: 44 zai ba ka kimanin kilomita 41 a awa, mai 36 ya ba ka kilomita 50, shi kuwa mai 50 ya tsaya a kilomita 36. Wannan gudun kilomita 50 ɗin shi mai kaya yake sayar maka. Abin da bai faɗa ba shi ne, ƙarfin da ke isa taya zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma in inji ya rasa ƙarfi ba zai ma kai juyi 6,000 ɗin ba. Sai ka ga mai 44 ya wuce mai 36 a ɗan hawa kaɗan, ko in iska ta taso ta gaba.

Kai kuwa ma tun kafin a je ko'ina an riga an ci ka bashi. Ƙafar Raleigh inci 28 ce, ba 26 ba. Babbar taya ta fi cin ƙasa a zagaye ɗaya, saboda haka 44 a kekenka daidai yake da kusan mai haƙora 41 a keke mai inci 26 da aka yi wa kayan. Ka ga ke nan ka riga ka sami wani ɓangare na ƙarin gudun da kake nema ba tare da ka biya ko sisi ba. Sannan Jos ta haura mita 1,200 a saman teku, iskarku ba ta kai tamu kauri ba, kuma inji da iska yake ƙona mai, don haka injin da ke zabura a Kano sai ya ɗan yi sanyin jiki a wajenku. Kada kuma rubutun 80cc na jikin kwali ya ruɗe ka, ainihinsa wajen 66 ne. Yanzu ka ɗora nauyinka, wanda na ga alama ya ƙaru, ka ɗora buhun dankalin da ka ce kana ɗaukowa a kariya, ka fuskanci tudun unguwarku da haƙora 36. Injin zai riƙa shaƙewa yana kakari, kai kuma kana riƙe da rabin kuloci kana taka feda kana zufa a cikin sanyin Jos. Ba za a jima ba ka ji ƙaurin kuloci, kan inji ya ɗau zafi.

Da a nan kake, kai kaɗai ba kaya, kana bin hanyar Wudil a shimfiɗe, sai in ce 40 ma ya yi, injin zai huta, karkarwa ta ragu, mai ya ƙara auki. Amma a inda kake, ni 48 zan sa. In kayan kullum ne, 50. Akwai mai 56, sai dai shi kam injin zai yi ta kururuwa a banza, hannunka ya yi ta karkarwa, notuna su riƙa kwancewa da kansu.

Ka tuna birkinka ma. Roba ce kan bakin ƙarfe, aka yi ta don mai taka feda. In ruwan Jos ya jiƙa ta, ka san sai ka matsa ka ƙara matsawa kafin ta kama. Kilomita 50 a kan wannan birki ba na yi maka fatansa.

Ko wanne ka saya, ɗaurin ya fi zaɓin wahala. Farantin kan wayoyin ƙafar baya yake zama, da roba ciki da waje, da notuna tara. Ka kifa keken, ka ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan sannan wanda ke fuskantarsa a ɗaya ɓangaren, kada ka bi su a jere. Ka riƙe alli dab da bakin haƙoran ka juya taya. Inda allin ya shafa shi kaɗai, nan ne ya karkace, sai ka sassauta ka ɗan buga ka sake juyawa. In ka bar shi a karkace, sarƙa za ta riƙa tsukewa tana saki a kowane zagaye, har ta faɗi ko ta tsinke maka wayoyi. Ɗan gargaren nan mai ɗame sarƙa kuma ka matse shi iya ƙarfinka, don in ya juya cikin wayoyi kana gudu, taya tsayawa take cak. Sarƙar lamba 415 ce, daga 44 zuwa 48 za ta nemi ƙarin kamar gaɓa biyu, ka nemi guntunta tun a shago. Ka kuma duba kada babban farantin ya riƙa gogar ƙarfen keken.

Kafin ka kashe ko kwabo dai, ka ɗaure buhun a kariya ka hau tudun da ya fi ba ka wuya da 44 ɗin da ke jiki. In ya haye ba ka taka feda ba, ka bar shi yadda yake. In sai da ka taimaka masa, ka nemo 48, in babu a wajenku ka faɗa mini in duba a nan in ba direba ya kawo maka.

Ka gaishe mini da su Baba da kyau, ka shafa kan yara. In mota ta samu, kada ka manta da dankalina.

Naka har kullum,
abokinka na Kano