Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Tsatsa da Gajiyar Ƙarfe a Tankunan Matsi

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi. Kwamitin gudanarwa ya karkatar da akasarin ayyukan bana ga tsagewar da ke samun tukwanen tururi da tankunan matsi idan tsatsa ta haɗu da hawa da saukar matsi da zafi.

A tarurrukan bita mun bi kundin ASME, wato ƙungiyar injiniyoyin injuna ta Amurka, sashe na VIII kashi na 2, wanda da shi ake lissafin gajiyar ƙarfe, wato raunin da ke samun ƙarfe saboda yawan hawa da saukar matsi har ya tsage. Abin da muka fi nanatawa shi ne cewa alƙaluman kundin sun fito ne daga gwajin da aka yi wa gogaggen ƙarfe a cikin iska, alhali ƙarfen da ke kwana cikin ruwa mai oksijin ba shi da wani matsi mai maimaituwa da za a ce komai daɗewa ba zai tsaga shi ba. Saboda haka wanda ya ɗauki alƙaluman kai tsaye ya ƙara wa tanki shekarun da ba shi da su.

Mun daɗe a kan tankin fitar da iska daga ruwan tukunya, wanda fashewarsa a masana'antun Arewacin Amurka cikin shekarun 1980 ta sa ƙungiyar NACE ta injiniyoyin yaƙi da tsatsa ta fitar da ƙa'idar RP0590. Tsagewar takan bi layin walda ta ciki, musamman inda ba a gasa waldar ba bayan kammalawa don sassauta ɗaurewar ƙarfen, kuma awon kauri ba ya nuna ta. Sai an buɗe tankin an share, an yi gwajin maganaɗisu da ruwa mai ƙyalli. A ziyarce-ziyarcen masana'antu mun tarar cewa da yawa suna dogara da gwajin matsin ruwa kaɗai, abin da kwamiti yake ganin bai wadatar ba.

Mun tunatar da mambobi cewa ƙa'idar API 510 ta cibiyar man fetur ta Amurka ta ƙayyade duba cikin tanki kafin rabin sauran rayuwarsa ko shekara 10, duk wanda ya riga zuwa, duban waje kuma bai wuce shekara 5 ba. Tsadar sayen waɗannan kundaye da dala ta hana mu kammala ɗakin karatu.

Baɗi, in Allah ya kai mu, za a fara horo kan ƙa'idar API 579 domin tantance ko tankin da aka samu da tsaga zai iya ci gaba da aiki. Masu sha'awa su ba sakatare sunayensu kafin babban taro.