Godiya ga shagon da ya tayar mana da tsohuwar Autococker

Zuwa ga dattijo mai shagon gyaran bindigogin fenti da ke bayan garinmu a jihar Ohio, da yaransa biyu.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na san ba ku jin Hausa, ɗana ya yi alkawarin zai fassara muku wannan wasiƙa ranar Asabar. Na rubuta ta da harshenmu ne domin 'yan'uwana mazauna Amurka, waɗanda 'ya'yansu suka fara matsa musu da wasan paintball, wato harbin juna da ƙananan ƙwallayen fenti, su san irin kirkinku.

Bindigar da na kawo muku wani abokin aikina ne ya ba ni kyauta da zai tashi daga gidansa. Autococker ce, ƙirar kafin shekarar 2000, ta daɗe a cikin kwali a gareji. Da muka ɗaura mata tukunyar iskar da ke harba ƙwallo sai iska ta riƙa zuba ta ko'ina. Kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da sauya hannu, kuma duk wanda na nuna wa sai ya ce in rataye ta a bango in sayo sabuwa. Ɗan nawa kuwa ya riga ya sa ta a ransa, kullum yana goge ta.

Ranar da muka shigo shagonku, Baba, ba ku nuna mana ko ɗaya daga cikin sababbin da ke jere a bango ba. Kuka shimfiɗa tawul a kan tebur, kuka warware ta a gabanmu. Zobban robar ciki duk sun ruɓe, wasu na marmashewa tsakanin yatsu. Kuka canza su, kuka sa sababbin ƙananan tiyo a gaba, inda na'urar rage ƙarfin iska da bawul da fistan suke haɗuwa su ja bayan bindigar su mayar. Wannan duka bai kai awa guda ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganar sandar da ke tura ƙwallo. Na riga na sayo mara nauyi ta intanet, ta zo ta yi gajarta, na ɗauka kuɗina sun tafi. Ku kuka bayyana mini cewa daga 2000 an sauya awon waɗannan bindigogi: sandar tsofaffin ta fi tsawo saboda ƙarfen bayan da ke riƙe ta ya fi kauri. Sai kuka sa yaronku ya jawo wani akwati daga ƙarƙashin kanta, cike da kayan da kuka yi shekaru kuna tarawa, ya tono siririn ƙarfen baya na hannu. Aka ɗaura, sandar ta zauna daram. Ni da ban san akwai wannan bambanci ba, da sai in yi ta sayen abin da ba zai shiga ba.

Sai matsalar bututu. In yaron ya sunkuyar da bindigar, ƙwallon fenti sai ya gangaro ya faɗi ƙasa. Kuka ce laifin ba na bindigar ba ne. Ita Autococker tana ajiye ƙwallo a cikin bututu tun kafin a ja kunama, don haka dole bututun ya ɗan riƙe shi. Da sunan inci 0.68 ake sayar da ƙwallon har yau, amma na yanzu ya fi na da ƙanƙanta, tsohon bututu kuma an fafe shi ne da awon da. Kuna iya sayar mana da sabon bututu, tunda yawancin manyan bindigogin yau irin murɗin Autococker suke amfani da shi. Amma da kuka ga yadda yaron ke son launin tsohon, kuka ɗora shi a injin sassaƙa ƙarfe, kuka faɗaɗa gindinsa ya karɓi siririn bututun da ake kira Freak, wanda ake zurawa ciki a sauya awo. Kuka koya masa gwaji: in ƙwallo ya tsaya a ciki, aka hura da baki ya fita, to ya yi daidai.

A kan abu ɗaya kuka ƙi mu ƙememe, kuma shi ya sa na ƙara yarda da ku. Tukunyar da ta zo da bindigar wa'adin gwajinta ya wuce da shekaru, kuka ce ba za ku cika ta ba ko nawa za a biya. Kuka nuna mini tambarin kwanan wata a jikinta, kuka ce irin wannan duk shekara 5 ake gwada ta da ruwa. Tukunyar da ke ɗaukar iska mai ƙarfin psi 3000 (psi awon matsin iska ne) a kusa da haƙarƙarin yaro ba abin wasa ba ce. Muka sayi sabuwa, ita kaɗai ce babban abin da muka kashe wa kuɗi.

Saitin kunama ya ɗauki lokaci, domin dole gudumar cikin bindigar ta fara saki kafin bawul ya buɗe baya, in ba haka ba ta fasa fenti a ciki. Kuka zaunar da yaron kusa da ku, kuka ba shi makullin a hannu yana murɗawa kaɗan-kaɗan har sautin ya daidaita. A na'urar auna gudu kuka tsayar da ita a ƙafa 280 cikin daƙiƙa, ƙasa da iyakar 300, kuka kuma ja masa kunne kada ya taɓa cire abin kare fuska a cikin fili.

Sau uku ke nan yana wasa da ita, ko digon fenti bai fashe a ciki ba. Manyan 'yan wasa har tsayar da shi suke su ji ƙarar bayanta tana kai da komo, su tambayi wanda ya gyara. Allah ya saka da alheri, ya sa albarka a kasuwa. Ranar Asabar muna tafe da kilishin da aka yi mana a nan, da wata tsohuwar bindigar fenti Tippmann 98 da maƙwabcinmu ya fito da ita daga ɗakin ajiyarsa.

Naku,
mahaifin yaro mai Autococker