Amsa ga Hajiya mai makaranta kan teburin Exeter

Assalamu alaikum, Hajiya.

A taron masu makarantu masu zaman kansu kin miƙe kin tambaye mu: shin teburin da ɗalibai ke zagayewa a Phillips Exeter Academy, wata makarantar sakandare ta kwana a Amurka, shi ya ɗaukaka makarantar, kuma in kin sa kafinta ya yi miki irinsa, karatu zai gyaru a taki? A'a, Hajiya, kafinta ba zai iya wannan aikin ba.

Makarantar ta girmi teburin da kusan shekara 150. Wani ɗan kasuwa, John Phillips, da matarsa Elizabeth suka kafa ta a 1781 a garin Exeter, jihar New Hampshire ta Amurka, aka fara karatu a 1783. Ɗan ɗan'uwansa, Samuel Phillips, ya riga ya buɗe tasa makarantar a garin Andover tun 1778. Aikin Exeter shi ne shirya samari shiga jami'a, galibi Harvard, da Latin da Girkanci da lissafi: yaro ya haddace, ya miƙe ya biya wa malami. A haka Benjamin Abbot ya riƙe ta daga 1788 zuwa 1838, kuma a haka ta yi suna. 'Yan mata kuwa sai 1970 aka fara ɗauka.

Labarin teburin ya fara ne a 1930. Edward Harkness, wanda ya gaji dukiyar kamfanin mai na Standard Oil, aminin shugaban makarantar ne, Lewis Perry, ko da yake shi Harkness bai yi karatu a can ba. Ya ba da dala miliyan 5.8 bisa sharaɗin a canza yadda ake koyarwa. Abin lura shi ne inda kuɗin suka tafi: ƙarin malamai, sababbin azuzuwa da ɗakunan kwana, domin aji ya koma ɗalibi 12 da malami ɗaya, suna tattauna darasi maimakon sauraron lacca. Teburin mai siffar ƙwai ne don kowa ya ga fuskar kowa, da alluna a jikinsa da ake jawowa ranar jarrabawa.

Yi lissafin da taki makarantar. Ɗalibai 240 a aji mai mutum 40 aji shida ne. In kika raba su goma sha biyu-biyu sun zama aji 20. Albashin malamai da ɗakuna sun ninka fiye da sau uku, kuma Exeter tana ɗaukar wannan nauyi ne da asusun gudummawar da take juyawa, wanda ya haura dala biliyan ɗaya, ban da kuɗin makaranta.

Ko an samu kuɗin, tsarin yakan lalace. In yara ba su yi karatun gida ba, ba abin da za su tattauna, sai a yi jugum. Malamin da ya saba bayani a gaban allo ba ya jure wannan shirun, nan da nan ya koma lacca, a zaune kawai. Sannan yara uku masu baki su kwashe hirar, mai kunya ya gama zango bai ce uffan ba. Maganin wannan shi ne malami ya zana teburin a takarda, yana jan layi daga mai magana zuwa wanda ya amsa. A ƙarshen darasi kujerar da layi bai taɓa ba ta fito fili. A darasin lissafi ma malaman Exeter ne ke rubuta tambayoyin da kansu, ɗalibi ya gwada a gida, washegari ya rubuta nasa a allo ya kare shi gaban 'yan'uwansa.

Akwai kuma manhajar WAEC, wadda ba ta jiran mai tattaunawa, don wannan hanya tana cin lokaci. Shawararmu ki gwada da darasi ɗaya, adabi ko tarihi, a SS1, sau ɗaya a mako, rabin aji a lokaci guda, da malamin da ya iya kama bakinsa. Ku haɗa teburan da kuke da su tukuna.

Wassalam.