Wasiƙa daga bakin kasuwar Marwa, a arewacin Kamaru

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da yara. Yaya Kano, yaya sanyi? A nan ma hazo ya sauka sosai, da safe ko dutsen bayan gari ba a gani. Inna tana gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran alkawarin da ka yi mata tun 2011 ranar da ka zo sallama.

Saƙonka ya iso ni, na ga kana so ka kawo samarinka biyu su ga garin da aka binne cibiyar ubansu, amma kana tambaya ko akwai sauran abin kallo a kasuwa tunda Turawa sun daina zuwa. Tambayar nan ta tsaya mini a rai, shi ya sa ban amsa ta waya ba, na ce gara in zauna in rubuta.

Layin kasuwa yana nan inda ka bar shi. Itatuwan darbejiya sun ƙara girma, inuwarsu ta haɗe a wasu wuraren. Kogin Mayo Kaliao ya ƙafe kamar yadda yake yi kowane rani, yara na ƙwallo a cikin yashinsa. Ranar Litinin kuwa har gobe ita ce ranar kasuwa. Tun da sanyin safiya buhunan albasa ke shigowa, ga masu busasshen kifi daga wajen Maga, ga matan Fulani da ƙoren nono, ga mutanen kan duwatsun Mandara da tukwane da tabarmi. Kana tsaye wuri ɗaya za ka ji Fillanci da Larabcin Shuwa da Barbarci da Faransanci da namu, ciniki kuma ba ya tsayawa don rashin fahimta, da "jam na?" ake buɗewa, sauran yatsu ne ke ƙarasawa. Rumfar Baba, Allah ya jiƙansa, tana nan a Artizana, wajen masu sana'ar hannu, ni ne a cikinta yanzu da yara biyu masu koyon aiki.

Ka tuna yadda lokacin sanyi yake mana a da. Daga Disamba zuwa Fabrairu motoci ke ɗebo baƙi daga filin jirgin Salak, su kwana a gari, su wuce Waza kallon giwa da raƙumin dawa, ko su hau Rumsiki kallon duwatsu, a hanyar dawowa kuma dole su biyo ta wurinmu. Mu muna yara muna bin su da "nasara, nasara". Abin da baduku zai samu a wata ukun nan shi ke riƙe gidansa har damina. To abin ya yanke ne a watan Fabrairun 2013, da aka sace iyalin Bafaranshen nan su bakwai, har da yara huɗu, a Dabanga bayan sun fito daga Waza. An sako su bayan wata biyu, amma ƙafar baƙi ba ta dawo ba. Akwai wani babban titimi, wato matashin zama na fata, ja da baƙi, da Baba ya ɗinka a shekarar don wani baƙo da ya ce zai dawo ya karɓa. Yana nan rataye a bayan rumfa, rana ta cinye gefensa ɗaya. An taya shi ya fi sau goma, na kasa sayarwa.

Sai kuma 22 ga Yulin 2015, ranar Laraba, ba a yi mako da Ƙaramar Sallah ba. Ka ji labari a rediyo, ba sai na maimaita maka ba. Bam ɗaya a kasuwa, ɗaya a Barmare, unguwarmu. Ina riƙe da basilla lokacin da ƙarar ta zo, na tsinci kaina a ƙasa ban san yadda aka yi ba. Bayan kwana uku wani ya sake tashi a unguwar Pont Vert. Watanni muka yi ana caje kowa a ƙofar kasuwa, mutum na ganin yarinya da ƙullin kaya gabansa ya faɗi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Alhamdu lillahi, cikin gari ya daɗe da samun natsuwa.

Abin da nake so in gaya maka, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba, shi ne a shekarun da babu baƙi na gane cewa mun yi sake da sana'armu. Muna ganin kuɗin Turawa muka koma yin abin da idonsu ke so: ƙananan alabe da hoton giwa, abin maƙala makulli, jakar fatar maciji da ba ta shekara ɗaya ɗinkin ya sake. Wanda zai hau jirgi gobe ba zai dawo ya ce maka takalmi ya tsinke ba, sai hannu ya saba da gaggawa. Ni kaina na yi, ba na ɗora wa wani. Da suka tafi, wanda ya rage mana shi ne malamin da ke son gafakar Alƙur'ani, da makiyayin da ke son takalmin da zai bi shanu da shi cikin ƙaya, da uwar amarya mai neman titimi na ɗakin 'yarta, da masu kayan doki na hawan Lamiɗo. Waɗannan sun san fata. Makiyayi zai lanƙwasa takalmin gida biyu, ya shinshina, ya duba ɗinkin ta ciki, in bai yi masa ba ya ajiye ya wuce ba tare da ya ce uffan ba. Kunyar wannan ce ta mayar da ni wurin majema, na zauna da tsofaffi na sake koyon bambanta fatar da ta sha bagaruwa ta ƙoshi da wadda aka tsamo da wuri, da yadda ake fitar da jan karan dafi ya kama ba ya zuba. Kuɗin bai kai na da ba, gaskiya, akwai shekarar da sai da uwargida ta sayar da akuyoyinta muka biya kuɗin makarantar yara. Wasu abokan aikinmu sun bar rumfa sun koma haya da babur. Amma aikin da ke fita daga hannuna yau, da Baba zai gani da ya yarda da shi.

Baƙi kuma ba su ƙare ba, sun dai canza kama. Tun da aka buɗe jami'a a 2008 ɗalibai daga kudu da kuma Chadi suka cika gari, in za su tafi hutu sai sun sayi tsaraba. Ma'aikatan da aka turo daga Yawunde da Duwala ma haka, takalmi da kilishi ne guzurinsu. Jefi-jefi Bature ɗaya ko biyu daga ƙungiyoyin agaji kan leƙo. Ina marhabin da kowa, ina kuma roƙon Allah ya dawo da masu zuwa Waza, domin akwai gidaje da yawa da suka dogara da su. Sai dai ba na so 'ya'yanka su zo da tunanin cewa kasuwar Marwa ta yi daraja ne don wani ya zo daga Faransa ya ɗauki hotonta.

Ka kawo su. Ku biyo ta Yola ku shiga Garwa, daga nan kusan kilomita 200 ne zuwa nan, ku yi tafiyar da rana, kuma ka tabbata takardun yaran sun cika. Ka daidaita zuwan ya haɗa da Litinin. Da safe zan zaga da su cikin kasuwa tun daga 'yan albasa har layin maƙera, in kai su majema su toshe hanci kamar yadda muka yi muna yara, mu leƙa ɗan gidan tarihin da ke jikin Artizana. In rana ta yi sanyi mu tsallaka Domayo cin gasasshen kifi. Babban naka, wanda ka ce hannunsa na son zane, zan zaunar da shi a rumfa in ba shi basilla da guntun fata ya ɗinka alaben kansa, ko da zai kwana uku a kai.

Ka auno mini ƙafafunsu a takarda, ka ɗauki hoto ka turo ta WhatsApp, in fara yanka musu takalma tun yanzu. Naka ba sai ka auno ba, sai in ƙafar ta canza a Kano. Titimin nan na Baba kuma na yanke shawara kai za ka tafi da shi, na san ba za ka damu da gefen da rana ta ci ba.

Ka gaida uwargida da yara, ka gaida mutanenmu na Marwa da ke wajen Fagge in kun haɗu. Allah ya sada mu da alheri.

Naka amini,
daga rumfar Baba, Marwa.