Saƙo ga 'yan ƙungiya mazauna New York: kada a ɓoye takardar kotu

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na Bronx, Harlem, Brooklyn da kewaye. Muna yi muku sannu da aiki, sannu da sanyi.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, labarin ɗan'uwa ba ya iso mana sai ana gab da fitar da kayansa waje. In an bincika, sai a tarar takardar kotu ta yi wata biyu a ƙarƙashin katifa. Mun san dalili. Mutum ya baro gida, uwa da ƙanne na jiran saƙonsa duk ƙarshen wata, da wane baki zai ce aiki ya tsaya? Da yawanmu mun ɗanɗana wannan. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wanda aka sallama ba da laifinsa ba, kuma yana da izinin aiki, ya nemi kuɗin rashin aiki a Ma'aikatar Ƙwadago ta jiha tun a makon farko. Ba bara ba ce, masu ɗaukar ma'aikata ne ke zuba kuɗin tun kana bakin aiki. Ana biya har mako 26, muddin kowane mako ka tabbatar musu kana neman aiki. In sun hana ka, kana da kwana 30 ka nemi alƙali ya saurare ka. Direbobi ma su cika takardar neman kuɗin, domin tun 2018 hukumar ɗaukaka ƙara ta jiha ta ɗauki wasu direbobin Uber a matsayin ma'aikata. Abu ɗaya muke roƙo: wanda zai je ganin gida ko Umara ya dakatar da karɓa, kada ya ba kowa lambar sirrinsa ya riƙa cika masa. Zamba suke ɗaukar hakan, kuma sai an mayar da kuɗin har da tara.

Maganar haya ce ta fi hana mu barci. A wannan birni, duk wanda ya kwana 30 a gida, ko ɗaki ɗaya ya kama a hannun wani ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba, babu mai ikon canza masa makulli, ko yanke masa wuta, ko watsar masa da kaya. Laifi ne a dokar jiha, a kira 'yan sanda. Kafin mai gida ya kai ka ƙara kan bashin haya, sai ya ba ka takardar kwana 14. Bayan nan sai kotu, kuma ko alƙali ya yanke hukunci, jami'in da kotu ta ba izini ne kaɗai ke fitar da mutum, shi ma sai ya ba da sanarwa. Mafi yawan waɗanda muka ga sun rasa muhalli, tsoro ne ya sa suka tattara da kansu, ko suka ƙi zuwa ranar zama aka yanke a bayan idonsu.

Ku je. Kotun gidaje ta Bronx na lamba 1118 a kan Grand Concourse. Tafinta kyauta ne, ku ce Hausa kuke so. Tun 2017 birnin ya kafa dokar ba mai ƙaramin ƙarfi lauya kyauta a shari'ar kora, ba tare da duba takardun zamansa ba. Kada ku sa hannu a wata yarjejeniya a barandar kotu kafin ku ga naku lauyan, komai daɗin bakin lauyan mai gida.

Wanda bashi ya taru masa ya nemi tallafin gaggawa na One Shot Deal ta manhajar ACCESS HRA, ko ya je ofishin Homebase (shirin birni na hana rasa muhalli) na unguwarsa. Wani lokaci akan ce a mayar da kuɗin tallafin daga baya. Wanda ke da shari'ar takardun zama ya fara tuntuɓar lauyansa.

Wata dokar jiha ta 2019 ta hana mai gida karɓar kuɗin ajiya fiye da na wata ɗaya, kuma a mayar cikin kwana 14 bayan tashi. Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu wajibi ne mai gida ya ɗumama gida. In ya ƙi, a kira 311, lambar kai ƙorafi ta birni. Ba mu manta gobarar Twin Parks ta Janairun 2022 ba, wadda na'urar ɗumama ɗaki ta tayar, ta ci rai 17, akasarinsu 'yan'uwanmu na Gambiya. Allah ya jiƙan su.

Ranar Lahadi bayan La'asar za mu zauna a inda muka saba. A zo da kowace takarda, har da ambulan ɗinta, da rasidan haya da takardun albashi. Iyayenmu mata za su samu mata 'yan'uwansu da za su karanta musu. Wanda bai son a gan shi ya kira sakatare, za a same shi a gida, kuma maganar ba za ta wuce tsakaninsu ba.

Wassalam,
Shugabannin ƙungiya